Filin Tambaya da Amsa: Furen nan mai albasa ya cinye min lambu, ya zanyi dashi?

Saƙonnin wannan makon kusan duk daga 'yan uwanmu mazauna ƙasashen sanyi suka fito, kuma abu ɗaya suke ta kewayawa akai, wato furannin nan masu albasa a ƙarƙashin ƙasa da suke ɓullowa da zarar sanyi ya fara raguwa, wajen watan Maris zuwa Mayu. Ga guda huɗu daga ciki.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali. Dan Allah inada tambaya, mu a Leeds muke nan Ingila, mun koma wani gida mai ɗan fili a baya, toh lokacin da muka shigo tsakiyar sanyi ne ba komai a wajen sai ƙasa, kawai Afrilu na kamawa sai ga wani shuɗin fure mai kamar 'yan ƙararrawa ya fito ko ina, wlh har tsakanin duwatsun da aka shimfiɗa a hanya. Ni dai ya burgeni sosai. Sai maƙwabciyata wata dattijuwa ta leƙo ta katanga tace wai wannan bulubel ɗin Sifaniya ne, mugun abu ne yana kashe na ƙasarsu, gara in cire shi. Bara na tuttuge iya ƙarfina, bana ya dawo kamar ma yafi na da yawa. Maigidan yace in na haƙe mu zuba a ɗan dajin dake bayan layinmu tunda ai shuka ce ba bola ba. Malam da gaske yana da illa ko dai tsohuwar ce ta cika tsanani? Kuma ya zanyi dashi?

Uwargida, daga Leeds

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah yasa albarka a sabon gida. Bari in fara da maganar Alhaji tun kafin ya ɗauko buhu, dan Allah ki roƙe shi kada ya kai ko ƙwaya ɗaya cikin dajin nan. Duk cikin wasiƙarki nan ne hankalina ya fi tashi. Albasar bulubel bata mutuwa don an haƙe ta an jefar, ko a saman ƙasa kika yar da ita in dai ta samu laima da ruɓaɓɓen ganye saiwa zata yi ta kama, kuma da yawa daga furannin lambu da suka bazu a dazuzzukan Birtaniya ta wannan hanyar suka shiga, mutum ya gyara bayan gidansa ya kwashi tarkacen ya juye a bakin daji yana ganin ai ganye ne zai ruɓe. A dokar ƙasar ma zubar da sharar lambu a filin da ba naka ba laifi ne, ana cin tara akai.

Toh yanzu maganar illa. Kinga tambayarki biyu ce a haɗe, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Akwai shukar da zata cika miki lambu ta hana sauran shukokinki sakat, wannan damuwarki ce ke kaɗai. Akwai kuma wadda zata tsallake katanga ta shiga daji ta danne tsirran da suke wajen tun asali, wannan kuma damuwar kowa ce, ita ce masana suke nufi in sunce shuka mai mamaya. Shuka ɗaya zata iya zama ta farko bata zama ta biyu ba, kuma wadda take zaune lafiya a wata ƙasa zata iya zama bala'i a wata, shiyasa ba'a yanke wa shuka hukunci sai an tambayi a ina aka shuka ta.

Ta ɓangaren lambu dai kin riga kin gani da idonki, eh yana mamayewa. Hanya biyu yake yaɗuwa, uwar albasar tana haifar 'yan ƙanana a gefenta, sannan furen in ya bushe yana zubar da baƙaƙen iri masu yawa a ƙasa. Wani abin da mutane basu sani ba shine saiwarsa tana da wata ɗabi'a ta tsukewa, duk shekara sai ta ɗan janyo albasar ƙasa, saboda haka tsofaffin suna can ciki sosai inda hannu baya kaiwa. Abinda kika yi bara aski ne kawai kika masa, ganyen ya tsinke a hannunki albasar tana nan daram, ga kuma irin da ya daɗe yana zuba tun zamanin masu gidan na da yana ta tsirowa a hankali, don daga iri zuwa fure yakan ɗauki wajen shekara 5. Don haka ba wai tugewarki ce ta ƙara shi ba, dama yana kan hanya.

Ta ɓangaren daji kuma maƙwabciyarki ba ƙarya tayi ba, sai dai labarin ya ɗan fi yadda ta faɗa miki faɗi. Birtaniya tana da nata bulubel na asali, a kimiyyance Hyacinthoides non-scripta, kuma ana ƙiyasta kusan rabin duk wanda ke duniya a ƙasar yake, shine zakiga tsofaffin dazuzzuka sun koma shuɗi fes a ƙarshen Afrilu kafin bishiyoyi su gama fitar da ganye su tare rana. Mutanen ƙasar suna ji dashi ƙwarai, dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta hana a tumɓuke shi a daji ba da izinin mai fili ba, daga 1998 kuma aka haramta cinikin wanda aka haƙo daga daji. Shi kuwa na Sifaniya, Hyacinthoides hispanica, asalinsa Sifaniya da Fotugal ne, an shigo dashi a matsayin furen ado sama da shekara 300 da suka wuce. Matsalar ita ce 'yan uwan juna ne na kusa, ƙudan zuma in ya ɗauki garin furen wannan ya kai kan wancan sai a samu ruwa biyu, kuma ruwa biyun shima yana haihuwa. Tsoron da aka daɗe ana yi shine a hankali na asalin zai narke cikin cakuɗar nan, ƙamshinsa da siffarsa su ɓace.

Amma masu bincike a lambun nazarin tsirrai na Edinbura sun bi abin ta ƙwayoyin halitta, suka gano abu biyu. Na farko, yawancin abinda ake kira na Sifaniya a lambunan Birtaniya ba tsantsa bane, ruwa biyun ne, inaga naki ma shine. Na biyu, na asalin yafi ruwa biyun ƙarfin haihuwa, don haka cakuɗar bata yi nisa cikin tsofaffin dazuzzuka kamar yadda aka ji tsoro ba. Wannan labari ne mai daɗi, amma ni ban ɗauke shi a matsayin lasisin sakaci ba, domin inda cakuɗar tafi faruwa shine daidai irin wajenku, ƙananan dazuzzukan dake manne da gidaje.

Kafin ki ɗau mataki ki tabbatar da wanne gareki, ba wuya. Na asali kan sandarsa yana lanƙwasowa gefe guda, furannin duk sun rataya ta ɓangare ɗaya, siriri ne dogo mai shuɗi mai duhu, bakin furen ya nannaɗe baya, ganyensa siriri, kuma yana da ƙamshi mai ƙarfi. Na Sifaniya da ruwa biyu sandar a miƙe take, furanni sun zagaye ta ko ina, bakinsu a buɗe, shuɗin ya fi haske, wani lokaci har da fari da ruwan hoda a ciki, ganyen faffaɗa, ƙamshi kaɗan ko babu. In kin rasa ta cewa ki ɗaga fure ɗaya da bai daɗe da buɗewa ba ki leƙa ciki, garin na asali fari ne mai ɗan ruwan madara, na ɗayan yakan zama shuɗi-shuɗi ko kore-kore.

Shawarata gareki, ku taka ke da Alhaji zuwa dajin nan yanzu da fure yake buɗe. In kunga na asali a ciki, toh gaskiya ki cire naki gaba ɗaya, don yanke kan fure bayan ya bushe yana hana iri zuba ne kawai, baya hana ƙudan zuma jigilar gari lokacin da yake buɗe. In kuwa babu, kuma kince yana burgeki, ba wanda zai kama ki don kin bar shi a kusurwa ɗaya ta lambunki, doka bata hana ajiye shi a cikin gida ba, sai dai ki riƙa yanke sandunan da zarar furen ya fara yaushi tun kafin iri ya nuna.

In cirewar kika zaɓa, yanzu ne lokaci, tun ganyen yana kore kina ganin inda kowanne yake, don in ya bushe a watan Yuni ko Yuli shikenan sun ɓace miki sai baɗi. Ki jira bayan ruwa lokacin da ƙasa tayi laushi, ki samu cokalin haƙa mai yatsu ba shebur ba don shebur yanka su yake, ki soka shi nesa kaɗan da gindin ki zurfafa sosai ki ɗago ƙasar dunƙule guda, sannan ki bi da hannu ki tsince har 'yan mitsi-mitsin fararen nan, su ne masu dawowa. Na tsakanin duwatsu da baza ki iya haƙa ba ki riƙa yanke ganyen duk sanda ya leƙo, da ganyen albasar take tara abinci, in kika hana ta shekara da shekara zata rame ta mutu. Maganin feshi kada ki ɓata kuɗinki, ganyen yana da santsi maganin zamewa yake, kuma da wuya ya kai ga albasar. Ki sa a ranki aikin shekara uku ne ko fiye, amma duk shekara sauƙi yake ƙarawa.

Abinda kika haƙo kada ki sa a ramin takin gida, zasu rayu a ciki ki dawo ki watsa su da hannunki. Ki ɗaure su a baƙar leda ki ajiye har su ruɓe su zama ruwa, ko ki duba shafin kansul ɗinku, wato ƙaramar hukumarku, kiga wane kwandon shara suka ce a sa. Kuma Hajiya ki sa safar hannu don ruwansa yana sa wasu ƙaiƙayi, sannan in akwai yara a gidan kada ki bar tulin albasar a inda zasu gani, tayi kama da ƙaramar albasa ta ci amma duk jikin shukar guba ne ga mutum da dabba.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ni a Minnesota nake a Amurka, na sayo wata albasar fure a babban kanti an rubuta Scilla siberica a jikin ledar, ɗan ƙaramin fure ne shuɗi, zan zuba a cikin ciyawar gaban gida, sai wani abokin aikina yace kar in kuskura. Ni kuma nace in da matsala ai gwamnati baza ta bari a sayar ba, ko ba haka ba?

Wani ɗan uwa, daga Minnesota

AMSA

Ɗan uwa ba haka bane, kuma wannan tunanin ya jawo ɓarna mai yawa. Doka a bayan matsala take tafiya, sai shuka ta gama bazuwa an gani an rubuta rahoto an zauna anyi muhawara kafin a sa ta a jerin haramtattu, kuma a Amurka kowace jiha da nata jerin, abinda aka hana a nan zaka same shi a kanti a jihar dake maƙwabtaka. Da yawa daga shukokin da ake kashe kuɗi ana yaƙa dasu yau a dazuzzukan ƙasar a kantin furanni aka fara sayar dasu.

Ita wannan da ka sayo asalinta kudu maso yammacin Rasha ne da yankin Kokasas da Turkiyya. Tsayinta bai wuce santimita 10 zuwa 15 ba, kyakkyawa ce ba musu, tana cikin masu fara fitowa ƙanƙara na narkewa, sanyin Minnesota baya mata komai, barewa da zomaye basa cinta, toh duk abubuwan da suka sa masu lambu suke sonta su ne suka sa take da wuyar tsarewa. Iri take zubarwa da yawa, shekaru kaɗan zakaga ta bar inda ka sa ta ta shimfiɗu a ciyawar maƙwabci, in akwai rafi ko daji kusa ta gangara can. An riga an same ta ta shimfiɗe a ƙarƙashin bishiyoyi a wasu dazuzzukan Minnesota da jihohin dake kewaye, kuma masanan aikin gona na jami'ar jihar suna jan kunne akanta.

Dalilin da yasa abin yake da ciwo shine dazuzzukan yankinku suna da nasu ƙananan furanni na asali da rayuwarsu gaba ɗaya ta rataya akan 'yan makonnin nan tsakanin narkewar ƙanƙara da fitar ganyen bishiya, a ciki zasu tsiro suyi fure su tara abincin shekara su koma barci. In baƙuwa ta riga su fitowa ta rufe ƙasar, sun rasa shekarar kenan, kuma akwai ƙwarin da suka saba da waɗannan furannin na asali.

A cikin ciyawa kuwa da kace zaka zuba, nan ne mafi munin waje, don ranar da ka gaji da ita baka da yadda zaka haƙe dubban ƙananan albasa ba tare da ka kwashe ciyawar duka ba. Abokin aikinka ya maka gata. In ledar tana nan a rufe ka mayar musu, in kuma ranka ya biya sosai ka shuka a tukunya ka yanke kan furen kafin yayi iri.

TAMBAYA

Salam Malam, nima kamar bulubel ne a gindin katangarmu amma fari ne, kuma in na taka shi warin tafarnuwa yake. Shima ɗin ne?

Ƙanwarka, daga Bristol

AMSA

Wa alaikis salam ƙanwata. Ki tsinki sanda ɗaya ki murza tsakanin yatsunki, in kinji tana da kusurwa uku, kuma kowane farin fure yana da siririn layi kore a tsakiyar fararen ganyayyakin furen, toh ba bulubel bane, Allium triquetrum ce, dangin albasa da tafarnuwa daga yankin Bahar Rum. Wannan kam ba sai anyi dogon bayani ba, mai mamaya ce ta gaske a Birtaniya, musamman kudu maso yamma inda kike don sanyin wajen bashi da tsanani, ta cika gefen hanyoyi da gindin shingaye. Tana cikin jadawali na 9 na dokar 1981 ɗin nan da na ambata, ma'ana a Ingila da Wales laifi ne ka shuka ta a daji ko kayi sanadin da ta tsiro a can. Kasancewarta a gidanku ba laifi bane, barinta ta fita ne laifi.

Wayonta a irin yake, kowace ƙwaya tana da ɗan maiƙo a jikinta da tururuwa ke so, sai su ɗauka su kai raminsu su cinye maiƙon su bar irin, sun shuka mata kenan a wajen da ke baki taɓa zato ba. Saboda haka abu na farko kada ki bari tayi iri ko sau ɗaya, ki yanke furen tun yana fari. Ganyenta tun kaka yake fitowa ya kwana cikin sanyi, kina da watanni da dama na haƙa, kuma albasarta bata nitsewa kamar ta bulubel. Zaki ji ana cewa ana cinta, gaskiya ne, amma tana tsirowa cakuɗe da bulubel da dafodil (wani fure mai ruwan ɗorawa) masu guba, kada ki kai komai baki in ba wanda ya san su sosai ne ya tantance miki ba.

TAMBAYA

Malam toh in duk suna da matsala me mutum zai shuka kenan? Ni sabuwar shiga ce.

Wata 'yar uwa, daga Manchester

AMSA

A'a 'yar uwa ba duka ba, mafi yawansu ma lafiya lau suke. Dafodil, mai ruwan ɗorawar nan, a inda kika sa shi yake zama, dunƙulen ne kawai yake ƙara faɗi a hankali, bayan wasu shekaru in kinga furen ya ragu ki haƙe ki rarraba. Tulif kuwa, furen nan mai siffar kofi, matsalarsa akasin haka ce, yawancin na kanti shekarar farko ce tasu, daga nan sai suyi ta raguwa, ga kurege yana tone su. Kurokus ma, wani ɗan gajeren fure mai fitowa da wuri, yawancinsa ba ruwansa da rigima. Wanda zance ki yi tunani kafin ki sa a ƙasa shine muskari, mai kama da ɗan nonon inabi shuɗi, 'ya'ya yake yi ba ƙaƙƙautawa kuma ganyensa tun kaka yake fitowa ya kwanta yayi buzu-buzu, a tukunya yafi daɗin sha'ani. In bulubel kike so ki nemi na asali, ki duba cikakken sunan non-scripta a jikin ledar, ki kuma tambayi mai sayarwa ya tabbatar miki nomawa aka yi ba daga daji aka haƙo ba.

Ana shuka su ne da kaka, dafodil wajen Satumba, tulif ki bari sai Nuwamba, zurfin ramin kamar ninki uku na tsayin albasar, tsinin yana kallon sama. Bayan fure ya wuce ki yanke kansa amma ki bar ganyen wajen mako 6 har yayi rawaya da kansa, kada ki ɗaure shi kada ki yanke, da shi take tara furen baɗi.